Ina Hadari Yake Zuwa In Ya Wuce Gonarmu?

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyar

Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tomas da ke kusa da Ɗambatta, don kuwa ƙauyenmu yana can wajejen ne, inda gona take manne da gona, babu daji babu saura. Saboda haka na san wani zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa ɗan manomin gero da zancen guguwar teku? To, abin da ya haɗa mu wata ƙarya ce da na rubuta a littafin awon ruwan sama na makarantarmu. Ita ce ta jawo mini kunya, ita ce kuma ta jawo mini ilimin da nake so in raba da ku.

Laifin da na yi

Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin kimiyya ya ga ɗan shingen nan da ke da ma'aunin ruwan sama a tsakiya. Ba wani abu ba ne illa mazurari da kwalba a cikin gwangwani, an kafa shi a fili nesa da itatuwa. Kullum da ƙarfe tara na safe ake juye ruwan da ya taru a cikin wata kwalba mai zane-zane, a karanta milimita nawa ne, a rubuta, a zubar. A zango na uku na bara malaminmu na labarin ƙasa ya ɗora mini wannan aiki, ni da wani abokina, kowa da ranarsa.

Wata Asabar cikin watan Yuli aka kwana ana ruwa, har gari ya waye bai ɗauke ba. Ni kuwa na wanke kayana ba su bushe ba, ga sanyi, ga taɓo. Sai na ce a raina, wa zai sani? Na leƙa ta taga, na ƙiyasta, na rubuta milimita 20, na koma na ja bargo. Washegari ko ɗigo ba a yi ba, amma da abokina ya je sai ya tarar da kwalba cike, ya auna ya sami milimita 58. Ashe na manta cewa wanda bai je ba bai zubar ba. Ran Litinin Malam ya kira ni ofis, littafi yana buɗe a gabansa.

Na zaci bulala zan sha. Malam ya dube ni ya ce, "Kai, da ka bar wurin babu komai, da na ce ka yi lalaci kawai. Amma ka cike shi da ƙarya, kuma wanda zai karanta nan gaba ba shi da hanyar ganewa. Zauna in ba ka labarin wani ma'auni da ya fi ka riƙon amana." Abin da ya faɗa mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya a laburare, su ne na tattara a nan.

Tashar Duwatsun Fowi

A bakin tekun Fulorida ta ƙasar Amurka, kudu maso gabas da birnin Mayami, akwai wata tsohuwar hasumiyar fitila a cikin ruwa, a wurin da ake kira Duwatsun Fowi. A kanta aka kafa tashar awon yanayi wadda ba mutum a cikinta, na'urori ne kawai suke awo suna aikawa. Ran 24 ga Agusta, 1992, kafin asuba, mahaukaciyar guguwar nan da aka sa wa suna Andiru ta iso wurin. Jama'a duk sun shige maɓoya, amma tashar ta ci gaba da aika rahoto. Rahotonta na ƙarshe ya nuna iska tana gudun kilomita 228 a awa, wani bugun ma har ya kai 272. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Lokacin ƙarfe huɗu ne na dare a can, a agogonmu kuwa ƙarfe tara na safe, watau daidai lokacin da ni na ƙi fita saboda yayyafi.

Guguwar ta rushe gidaje fiye da 25,000, har na'urar hangen hadari da ke kan rufin ofishin masu lura da guguwa sai da ta fizge ta. Bayan ƙura ta lafa, masana suka zauna don su san ainihin ƙarfin abin da ya same su, domin a gyara dokar gini. Ma'aunai da yawa sun karye tun kafin guguwar ta kai ƙarshen ƙarfinta, don haka ɗan abin da tashoshi irin na Fowi suka aiko ya zama zinariya. Sai bayan shekara goma, a 2002, aka gama tantancewa, aka ɗaga Andiru zuwa mataki na biyar, wanda babu na sama da shi.

Bari in ɗan yi bayani a nan. Guguwar da muka sani a ƙauye ita ce 'yar ƙaramar nan mai juya ƙura da karmami da bazara. Ta teku ita ma juyawa take yi, amma faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, kuma tana ɗaukar kwanaki tana tafiya. Ba a kiranta mahaukaciya sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Matakai biyar ne: na uku yana farawa daga 178, na biyar daga 252. A tsakiyarta akwai wani fili shiru da ake kira ido, a nan nauyin iska yake raguwa ƙwarai. Nauyin iska a bakin teku yakan kasance miliba 1013 ko kusa da haka, amma a idon Andiru ya sauka zuwa 922. Gwargwadon saukarsa, gwargwadon haukan guguwa.

Goran teku

Tashar gaɓa ba ta jin guguwa sai ta ƙaraso. Don haka aka ƙirƙiro wata dabara, aka kai ma'aunan can tsakiyar ruwa. Turawa suna kiran abin boyi, ni kuwa na ga ya fi kama da goran da masunta suke hawa a Argungu, saboda haka zan kira shi goran teku. Wani faifan ƙarfe ne mai iyo, faɗinsa mita uku, an kuma taɓa yin amfani da manya masu mita goma ko goma sha biyu. An ɗaure shi da sarƙa da igiya zuwa wani nauyi da ke kwance a ƙasan teku, kamar dai akuya a turke: yana iya zagayawa amma ba ya iya tafiya. A kansa akwai ma'aunin gudun iska da inda ta fito, da na nauyin iska, da na zafin iska, a ƙarƙashinsa kuma na zafin ruwa. Girman igiyar ruwa kuwa daga yadda goran yake hawa da sauka ake lissafa shi. Farantin sola ne yake ba shi wuta. Kowace awa, wasu ma kowane minti goma, yana aika abin da ya auna zuwa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya sauko da shi ofis. Babban ofishin gorunan Amurka yana jihar Misisifi.

Na tambayi Malam, tun da akwai tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton guguwa daga sama, mene ne amfanin wahalar kai gora teku? Ya ce mini, "Wanda ya hau kuka ya hango gona zai gaya maka ta yi kore, amma sai wanda ya tona da hannu zai gaya maka ko akwai laima." Tauraro saman girgije ya fi gani. Jiragen sama masu kutsawa cikin guguwa ba kullum suke wurin ba. Gora kuwa yana nan dare da rana a fuskar ruwa, inda jiragen ruwa da mutane suke, kuma da awonsa ake gwada ko ƙiyasin tauraro daidai ne.

Akwai wani gora mai lamba 42040 da aka ɗaure a Mashigin Tekun Meziko, kimanin kilomita 120 kudu da gaɓar jihar Alabama. A watan Satumba na 2004 guguwar Aiban ta bi ta kansa, ya auna igiyar ruwa mai tsawon kusan mita 16. Shekara ta zagayo, ran 29 ga Agusta, 2005, Katirina ta zo, ya auna kusan mita 17. Ku kwatanta mutum goma, kowa tsaye a kan wani. Wannan ma ba ita ce igiya mafi tsawo ba, domin ƙa'idarsu ita ce a ware kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi girma a ɗauki matsakaicinsu. A lokacin Aiban wasu na'urori da sojan ruwan Amurka suka ajiye a ƙasan teku sun kama igiya guda mai fiye da mita 27. Wani babban gora mai lamba 42003 kuwa Katirina kifar da shi ta yi.

A gaɓar Misisifi ruwan teku ya hau tudu da tsawon fiye da mita 8. Ma'aunan gaɓa da yawa sun lalace, sai da aka riƙa bin shaidar ruwa a jikin bango, kamar yadda muke gani a katangar ƙasa bayan ambaliya. Mutum fiye da 1,300 suka hallaka, akasarinsu a birnin Niyu Olins da kewaye. Abin ya yi muni ƙwarai, amma mutane da yawan gaske sun fice tun kafin ta iso, domin an gargaɗe su. A shekarar 1900 kuwa, lokacin da babu gora, babu tauraro, jiragen ruwa kuma ba su da rediyo, guguwa ta auka wa garin Galbeston na jihar Tekzas ran 8 ga Satumba, ta kashe mutum wajen 8,000. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Daga gonarmu zuwa Fulorida

To, ina ruwan Kano da wannan duka? A nan ne Malam ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa a kan Fulorida, ya jawo shi gabas, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya shigo Senigal, ya bi ta Mali da Barkina Faso da Nijar, ya tsaya a kanmu. Ya ce, "Andiru daga wannan hanya ta fito."

Kowane yaro a ƙauye ya san hadari daga gabas yake tasowa. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, a kora awaki gida, ruwa ya sauka, sa'an nan ya yi yamma. Amma ban taɓa tambayar kaina ina yake zuwa ba. Ga yadda abin yake. Da damina hamadar Sahara tana da zafi ƙwarai, ƙasashen bakin teku kuwa da ɗan sanyi-sanyi. Wannan bambanci yana haifar da wata iska mai ƙarfi a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, mai gudu daga gabas zuwa yamma a kan ƙasashenmu. Ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi kamar tafiyar maciji. Kowace lanƙwasa masana suna kiranta igiyar iskar gabas, ni kuwa na sa mata suna uwar hadari. Da yawansu suna farawa ne daga tsaunukan Habasha da na Darfur. Duk bayan kwana uku zuwa biyar sai wata ta wuce, shi ya sa a tsakiyar damina ruwa yakan yi, ya huta kwana biyu ko uku, ya sake dawowa.

Kada a fahimce ni baibai. Girgijen da ya zubar da ruwa a gonarmu ba shi ne zai isa teku ba, shi yakan mutu cikin awoyi ko kwana guda. Uwar ce take ci gaba, tana haifar sabon hadari a hanya. Daga Kano zuwa Dakar kusan kilomita 2,800 ne, takan yi shi cikin kwana huɗu ko biyar. Irinsu wajen 60 suke fita daga Afirka zuwa teku kowace shekara. Yawancinsu a can suke mutuwa, wasu busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ce take shaƙe su. Amma idan uwar hadari ta tarar da ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi, iskar sama kuma ba ta yayyaga ta ba, sai ta fara shan tururin teku tana juyawa tana ƙiba. Masana sun lissafa cewa wajen kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwoyin Atlantika, watau daga mataki na uku zuwa sama, asalinsu daga nan ne. Uwar Andiru ta bar gaɓar Afirka ran 14 ga Agusta, 1992, bayan kwana goma ta isa Fulorida.

Mu Allah ya hutar da mu daga irin wannan guguwa. Dalili kuwa, tafiyarta yamma take yi, ta ba mu baya, kuma ba ta iya juyawa a kusa da ikwaita, inda gaɓar Legas take. Amma tsibiran Kabo Barde da ke yamma da Senigal sun ɗanɗana, domin ran 31 ga Agusta, 2015, guguwar Firedi ta ratsa su, rabon da su ga irin haka tun 1892.

Saboda muhimmancin wannan hanya, a shekarar 1974 ƙasashen duniya suka haɗu suka yi wani babban bincike, hedkwatarsa a Dakar. Daga watan Yuni zuwa Satumba jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama fiye da goma suka yi ta awon hadarin da ke fita daga Afirka. Daga 1997 kuma Barazil da Faransa da Amurka suka haɗa hannu suka kafa jerin goruna a tsakiyar Atlantika, ana kiran shirin PIRATA. Suna auna zafin ruwa har zurfin mita 500. Akwai ɗaya kudu da Kabo Barde wanda yake kusan layi ɗaya da Kano, watau wajen digiri 12 arewa da ikwaita. Da za ka miƙe yamma daga ƙauyenmu ba ka karkace ba, da kusa da shi za ka ɓulla. Babbar matsalarsu ita ce kifi yana son taruwa a ƙarƙashinsu, masunta kuma su biyo kifi, su ɗaure jirgi a jikin gora, wani lokaci su lalata kayan. Duk shekara sai an tura jirgi ya gyara ko ya sauya su.

Daga teku zuwa gonarmu

Hanyar ba tafiya kawai ba ce, akwai dawowa. Ga wani abin mamaki: hadari daga gabas yake zuwa, amma ruwan da ke cikinsa akasari daga kudu maso yamma ya fito. Iskar bazara mai laima da muke ji da dare, daga Mashigin Tekun Gini take ɗebo tururi ta kawo mana. Don haka zafin wannan teku ko sanyinsa yana da hannu a cikin damunarmu. Wajen watan Mayu da Yuni ruwan tekun yakan yi sanyi, alhali ƙasa tana ƙuna, sai iska ta ƙara ƙarfi ta turo ruwa arewa. Shi ya sa damina takan kankama sosai a wajenmu daga ƙarshen Yuni. Idan kuwa tekun Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, ruwa yakan maƙale a kudu, mu a bar mu da kallon sama. Haka ta faru a 1984.

An fara rubuta awon ruwan Kano tun 1905, kuma a ƙarni na 20 matsakaicinsa milimita 800 da wani abu ne a shekara. A 1973 kusan rabin haka aka samu. Kakana har yau in ya tuna wannan shekara sai ya yi shiru. Da masana suka jera irin waɗannan littattafai na ƙasashenmu kusa da lissafin guguwar Atlantika, sai suka ga abu biyu suna tafiya tare. Wani malami a jami'ar jihar Kolorado, Wiliyam Gire, ya buga bincike a 1990 yana nuna cewa shekarun da aka yi ruwa sosai a yammacin Sahel an fi samun manyan guguwoyi a gaɓar Amurka, shekarun fari kuwa sun ragu. A 1983, ana fari a nan, guguwa huɗu kacal aka raɗa wa suna a Atlantika, ko da yake ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino ita ma ta taimaka. A 1988 kuwa ruwa ya yi yawa a Kano har dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agusta, cikin watan Satumba kuma guguwar Gilbat ta ragargaza Jamaika. Wannan dangantaka ba kowace shekara take fitowa daidai ba, amma tana nuna cewa teku ɗaya ne yake ciyar da mu duka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A nan na gane girman laifina. Wannan bincike bai yiwu ba sai don wasu mutane da ba wanda ya san sunansu, waɗanda suka yi ta fita kowace safiya shekara da shekaru suna juye kwalba suna rubuta gaskiya. Da kowannensu ya leƙa ta taga ya ƙiyasta, da an gina ilimi a kan yashi.

Hirata da Baba

Da aka yi hutu na koma gida da ɗokin labari. Dalilin ɗokin kuwa, a wannan shekarar mun yi hasara. An yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya a watan Mayu, Baba ya fita da mu muka shuka gero a gonar bayan gida. Ya tsiro kyau-kyau. Daga nan sama ta ɗauke har kusan mako uku, shuka ta ƙone. Sai da aka sayar da akuya aka sayo iri a kasuwa aka sake. A wajenmu gona ƙarama ce, taki ma da jaki ake ɗauko shi, don haka irin da ya mutu ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce, "Baba, ashe akwai hukumar lura da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda take fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da Hausa. Tana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, da lokacin da ake tsoron zai yi tsaiko. Zafin tekuna yana cikin abin da suke dubawa."

Baba ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ruwa na Allah ne. Wane ne zai san gobe?"

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma ai ku ma kukan duba zuwan shamuwa, kukan lura da gawo in ya fara zubar da ganye."

Kaka yana gefe a kan buzu, sai ya sa baki. Ya ce, "Bar yaro ya yi magana. Mu ma da taurari muke lissafi, mun san in Nasara da Ɗarfa suka shigo marka ta zo. Ba gaibu muka sani ba, alama muke bi. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. In su sun sami alama a cikin teku, sai a ji ta bakinsu, a haɗa da namu."

Na gaya musu kuma cewa masu binciken noma a Sadore, kusa da Yamai, sun fitar da wata ƙa'ida: ba a cewa damina ta zauna sai an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma a cikin kwana talatin da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba. Rabin farko manomi yana iya aunawa da kansa. Rabi na biyu kuwa ba mai tabbatar da shi sai ya wuce, a nan ne hasashe yake da amfani, ko da yake shi ma yakan kuskure. Baba bai ce komai ba, amma ya bar ni na kafa gwangwani a fili bayan rumbu.

Shawarata

Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa tashoshin awo a Afirka sun yi ƙaranci ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata. Akwai tasha a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, amma kowa ya san akan yi ruwa a wannan ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo. Saboda haka ina da roƙo uku.

Na farko ga hukumar makarantarmu. Watan Agusta shi ne ya fi kowane wata ruwa, shi ne kuma lokacin da muke dogon hutu, ma'auni yana nan ba mai duba shi. Littafinmu yana da rami a daidai inda ya fi muhimmanci. Ina roƙo a ɗora wa wani daga cikin ma'aikatan da ke zaune a makaranta wannan aiki, a riƙa ba shi ɗan alheri.

Na biyu ga 'yan'uwana ɗalibai. Kowa yana iya yin ma'auni a gida. A sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a yanke murfin tas, a kafa shi daidai a fili nesa da itace da indararo, a tokare shi don kada iska ko kaji su ture shi. Kowace safiya a lokaci guda a tsoma rula a karanta, a rubuta da kwanan wata, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Ranar da ba a duba ba a rubuta "ban duba ba". Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, don haka kuna iya lissafa abin da gonarku ta sha.

Na uku ga iyayenmu. Ku riƙa sauraron hasashen damina a rediyo, ku tambayi malamin gona, ku haɗa da sanin da kuka gada. In an ce akwai tsoron tsaiko bayan ruwan farko, ko da za a shuka, a rage iri a ajiye.

Ni dai tun daga ranar nan ban ƙara tsallake awo ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. In hadari ya wuce ya yi yamma nakan ƙirga kwanaki, in ce yau uwarsa ta kai Mali, jibi Dakar, gata wataƙila wani gora zai ji motsinta. Ranar da zan dawo makaranta na miƙa wa ƙanena rula da littafi. Ina cikin ɗaura akwati na ji Baba daga zaure yana tambayarsa, "Kai, na daren jiya nawa ya kama?"

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrin fari da ambaliya, amin.